Kusurwa ta Uku

Ƙarfe biyun dare a Dresden.
Taragon titi na ƙarshe ya haye gadar Elbe tuntuni,
saura ni da injin sanyaya
mai nishi kamar tsohon da ya hau bene.

Lu'ulu'un bai kai ƙwayar riɗi ba.
Sati uku tsoho Kretzschmar yana gadin tanderu
kafin ya tsamo shi da matsefata,
ya ɗora mini a kan ɗan gilashi,
ya ce, "Wiebke, kada ki yi atishawa."

Cikinsa hawa-hawa ne, faifai bisa faifai.
A hawan faladiyam ƙwayoyin lantarki gudu suke,
gudun ruwan da ya samu gangara,
ko tagulla ba ta ba su hanya haka.
A hawa na gaba, na kuromiyam da oksijin,
kowace ƙwaya an kafe ta wuri guda,
ba gaba ba baya,
sai 'yar allurar maganaɗisu a hannunta
tana neman inda za ta nuna.

Dokar gidan ɗaya ce:
inda maƙwabciyarki ta fuskanta, juya masa baya.
Da su biyu ne, da sauƙi.
Wannan ta dubi sama, waccan ta dubi ƙasa,
kowa ta kwana lafiya.
Amma uku-uku aka zaunar da su, zaman duwatsun murhu.
Ta farko sama. Ta biyu ƙasa.
Ta uku fa?
In ta saɓa wa wannan ta bi waccan,
in ta saɓa wa waccan ta bi wannan.
Gaba kura, baya sayaki.

Wayata ta yi tsuwa a aljihu. Henning ne:
"Ki gaya wa Frauke, lambun Baba sayarwa za a yi."
Ban gama karantawa ba sai ga Frauke:
"Ki gaya masa bishiyar tuffar nan ba ta da farashi."
Wata takwas rabon da su yi wa juna magana.
Ni ce 'yar aike,
in na ce "to" ga ɗaya
na ci amanar ɗayan.

Na kifa wayar.
Lambobi na sauka a allo: sittin, hamsin, arba'in da biyar.
Bututun hiliyam ya yi furfurar ƙanƙara.
A lissafin takarda, tun can sama ya kamata su daidaita,
amma sun ƙi, sai waige-waige suke,
sanyi na ƙaruwa, gardama ta ƙi mutuwa.

Sai wajen talatin da bakwai
layin ya ɗan karkace,
kamar matafiyin da ya yi tuntuɓe bai faɗi ba.
Sun shirya ke nan.
Ba wadda ta samu abin da ta so.
Kowace ta juya sulusin da'ira,
ba ƙeya ta bayar ba, ba fuska ba. Kafaɗa.
Har masu gudun can sun ji a jikinsu,
don zancen ɗakin ƙasa yana ratsa rufi.

Na rubuta lambar a littafi, da kwanan wata.
Na kurɓi kofin da ya huce.
Sulhu ne wannan, ko gajiya?
Kretzschmar zai ce injinsa ba ya auna wannan.

Gari ya fara wayewa bisa rufin gidaje.
Na ɗauki wayar, na yi musu saƙo guda su biyu:
"Lahadi, ƙarfe goma, a lambun.
Tuffa ta nuna har tana zuba. Ku zo da kwanduna."
Ban ce a sayar ba. Ban ce a bari ba.
Na tura, na zura rigar sanyi,
na bar lu'ulu'un cikin duhunsa.
A bakin ƙofa wayar ta yi tsuwa, sau ɗaya.
Na tsaya ina jiran ta biyu.